Jitar Da Ke Rataye A Ɗakin Ajiya: Shawara Ga Mai Son Fara Koyo



Aikin katikis yakan kai mutum ƙauyuka da yawa, kuma akwai wani abu da na sha gani har ya fara damuna. Sau da dama in na shiga ƙaramar majami'a na leƙa ɗakin ajiya, inda ake tara kujeru da gangunan zumuntar mata, sai in tarar da jita rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta, tsirkiya biyu ko uku sun tsinke, wani lokaci ma zanzaro ya gina ɗaki a cikinta. In ka tambaya, labarin kusan ɗaya ne. Wani ɗan ikkilisiya da ke aiki a birni ne ya kawo ta kyauta lokacin Kirsimati, matasa suka yi rububi a kanta mako biyu, yatsu suka yi ciwo, kowa ya janye jiki. Ran Lahadi kuwa, in an ɗauke wuta ko man janareta ya ƙare ana tsakiyar sujada, kibod ya yi shiru, sai ka ga mawaƙa suna kallon juna, ba wanda zai ba su murya. Alhali ga abin da ba ya shan fetur yana rataye a bayan ƙofa.

Ni ma ba da wuri na fara ba. Na kusa shekara talatin sa'ad da aka tura ni wata ikkilisiya mai mutum kamar sittin, ba wutar lantarki, shugaban mawaƙanta kuma ya tafi neman aiki bai dawo ba. A makarantar Littafi Mai Tsarki an koya mana wa'azi da ziyara da shirya masu baftisma, amma ba wanda ya taɓa sa mini jita a hannu. Dole ce ta sa na sauke wadda na tarar a ƙusa. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini a makon farko, domin da na ji shi da na rage wa kaina wahalar wata shida.

Kafin in shiga maganar, bari in ɗan tsaya domin iyayenmu dattawa. Har yanzu akwai masu ganin jita kayan gidan rawa ce, ba ta dace da ɗakin sujada ba. Ban ga laifinsu ba, gama a zamaninsu a hannun masu kiɗan otal suka fara ganinta. Amma waƙar Kirsimatin nan da duk duniya ta sani, wadda Turawa ke kira Silent Night, da jita aka fara rera ta. A daren jajibirin Kirsimati na 1818 ne, a wata majami'a a garin Oberndorf na ƙasar Ostiriya. Limamin wurin, Joseph Mohr, shi ya rubuta kalmomin, malamin makaranta Franz Gruber ya sa mata murya, suka rera ta su biyu, Mohr yana kaɗa jita. Mu kuma a nan ƙasar mun ga yadda Panam Percy Paul ya yi shekaru yana hidimar bishara daga Jos da jita a kafaɗa. Kayan tsirkiya ma ba baƙi ba ne a gare mu. Da molo da garaya da gurmi muka tashi, kuma Littafin Sama'ila na fari, sura 16, ya ba mu labarin yadda kiɗan Dawuda yake kwantar wa Sarki Saul da hankali. Ba dai jita ce a hannun Dawuda ba, amma tsirkiya ce.

To, abu na farko da ke korar mai koyo ba rashin baiwa ba ne, muguwar jita ce. Wannan na daɗe ban gane ba. Na yi ta zargin yatsuna, ashe wuyan jitar ne ya lanƙwashe, tsirkiyoyin suka yi nisa da katako har sai mutum ya danna da ƙarfin tsiya kafin sauti ya fita. Saboda haka kafin ka saya, ko kafin ka sauke ta majami'arku, duba wannan wuri. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafa da aka jera a gicciye, sun raba wuyan gaɓa-gaɓa kamar rake. Ƙirga daga sama zuwa ƙarfe na 12, ka dubi tazarar da ke tsakaninsa da tsirkiya. A jita mai tsirkiyar ƙarfe, milimita 2 zuwa 3 ya isa. In ka ga fensir zai iya wucewa ta wurin, wannan jita sai an kai ta wurin mai gyara, in ba haka ba ko gwani ne zai sha wuya da ita. Sa'an nan ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar yadda kafinta ke duban katako, ka ga ko ya miƙe. Ka dubi jakin, watau ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kansa a kan ciki, kada ya zama ya fara ɗagowa. Ka murɗa kunnuwan nan shida ɗaya bayan ɗaya, ka tabbata ba wanda ke sulluɓewa. A shagunan kayan kiɗa na Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano za ka ga sababbi masu ƙyalli da araha, amma sau da yawa ta gwanjo mai lafiyayyen wuya ta fi su. Araha ba ta ado. In da hali, tafi da wanda ya iya, ya gwada maka kafin ka biya.

Jitar katako, wadda samari ke kira bokis, iri biyu ce. Akwai mai tsirkiyar nailan, wuyanta da faɗi, muryarta da taushi, ba ta cin yatsa sosai. Siffarta ta yanzu daga Sifen ta fito, daga hannun wani maƙerin jita mai suna Antonio de Torres wanda ya rasu a 1892, kuma da hanjin dabba ake yi mata tsirkiya kafin a fara yin ta nailan a ƙarshen shekarun 1940. Akwai kuma mai tsirkiyar ƙarfe, wadda ta fi ƙara. A ganina, wanda zai raka jama'a cikin majami'a, ta ƙarfe ta fi masa, gama ta nailan takan nutse da zarar mutum arba'in sun buɗe baki. Amma in ta nailan ce Allah ya hore maka, fara da ita, hannu ɗaya ne. Gargaɗi ɗaya kawai, kuma na ga jita fiye da ɗaya da ta mutu ta wannan hanya: kada ka kuskura ka sa tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi domin nailan. Tsirkiyoyin nailan shida suna jan jita da nauyin kilo 40 ko kusa da haka, na ƙarfe kuwa wajen kilo 70. Ba da daɗewa ba jakin zai ɓalle ko wuyan ya sunkuya.

Wanda ya ce ba shi da kuɗin mai kyau, ya tuna da Mdou Moctar, Buzun nan na Jamhuriyar Nijar da ke yawon duniya da jita. Ta farkonsa da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke ya yi mata tsirkiya. Shi bahago ne ma. Na ambaci wannan domin iyayen da ke hana yaro taɓa komai da hagu. Bahago zai iya koyo kamar kowa, ko a juya masa tsirkiyoyin, ba zunubi a ciki.

Abu na biyu shi ne saiti. Jitar da ba a saita ba, ko mala'ika ne ya kaɗa ta ba za ta yi daɗi ba, mai koyo kuwa sai ya ɗauka shi ne bai iya ba. Tsirkiyoyin shida ne. Ana ƙirga su daga siririyar da ke ƙasa, ita ce ta 1, zuwa mai kaurin da ke sama kusa da ƙirjinka, ita ce ta 6. Daga ta 6 zuwa ta 1 sunayen muryoyinsu su ne E, A, D, G, B, E. Ka haddace su kamar sunayen ƙannenka. Yanzu abin ya yi sauƙi, domin akwai manhajar saiti kyauta da ake saukewa a waya, ka kaɗa tsirkiya ta nuna maka ko ka ƙara ɗaurewa ko ka sassauta. Akwai kuma 'yar na'ura mai batir da ake maƙalawa a kan jita. Yi amfani da su, ba abin kunya ba ne. Amma waya takan mutu, kuma a ƙauye cajinta aiki ne, saboda haka ka koyi hanyar kunne. Danna tsirkiya ta 6 a gaɓa ta 5, muryar da ta fito ita ce ya kamata ta 5 ta bayar ba tare da an danna ta ba. Murɗa kunnen ta 5 har muryoyin biyu su zama ɗaya. Haka za ka yi daga ta 5 zuwa ta 4, daga ta 4 zuwa ta 3. Sai ka lura a nan: daga ta 3 zuwa ta 2, a gaɓa ta 4 ake dannawa, ba ta 5 ba. Daga ta 2 zuwa ta 1 sai a koma gaɓa ta 5. In muryoyi biyu sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, za ka ji sautin yana rawa kamar ruwa a cikin tulu. Da zarar sun haɗu rawar takan tsaya. Kullum ka ɗauki jita, saiti tukuna. Sabuwar tsirkiya kuwa takan yi kwana biyu zuwa uku tana sakewa kafin ta zauna, kada ka ɗauka jabu aka sayar maka.

Yanzu sai maganar ciwon yatsa, wadda ita ce ta rataye yawancin jitocin nan a ƙusa. Gaskiya ce, akwai ciwo. Kan yatsun hagu zai yi ja, ya yi zafi, har tsirkiya ta bar layi a kai. Manomi ya san wannan, gama hannun da ya huta duk rani, ranar farko ta noma sai ya yi bororo, bayan mako biyu ya yi kanta, fartanya ta daina damunsa. Haka yatsa yake. Cikin mako biyu zuwa huɗu kanta za ta fito, ciwon ya wuce, amma da sharaɗin kana taɓawa kowace rana. Kuskuren matasanmu shi ne su zauna awa uku ran Asabar har yatsa ya fashe, sa'an nan su yi kwana shida ba su taɓa ba. Minti goma sha biyar kullum ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ni bayan addu'ar safe nake yin nawa, kafin yara su tashi. Ka yanke farcen hagu ƙasa-ƙasa. Kada ka kaɗa da ka gama wanki ko wanke-wanke, fata ta yi laushi, za ta yage. Ka danna da kan yatsa, ba da cikinsa ba, kuma dab da bayan ƙarfen, ba a kansa ba, ba kuma can tsakiyar gaɓa ba. A wurin ne sauti ke fita da ƙaramin ƙarfi. Babban yatsa ya zauna a bayan wuya. In kuwa ciwon a wuyan hannu ne ko a kafaɗa, wannan ba na kanta ba ne, zamanka ne bai yi daidai ba. Ajiye, ka gyara zama.

Wasu sukan ce mini, "Malam, yatsuna gajeru ne," ko "noma ya sandarar mini da hannu." Django Reinhardt, wanda ake lissafawa cikin manyan makaɗan jita na Turai, gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928 har yatsu biyu suka shanye. Da sauran biyun ya yi suna. Marigayi Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Kai da aka ba shida da yatsu lafiyayyu, ina abin kuka?

Abin da za ka koya da hagu shi ne kod, watau muryoyi uku ko fiye da ake kaɗawa tare su ba da amo ɗaya. Littattafai suna da ɗaruruwansu, kuma wannan yawan ne ke tsorata mutane. Kai huɗu kake bukata a wata uku na farko. Fara da Em, domin yatsa biyu ne kawai: na tsakiya a tsirkiya ta 5 gaɓa ta 2, na zobe a tsirkiya ta 4 gaɓa ta 2, sai ka kaɗa duka shida. A ranar farko za ka ji abin da ya yi kama da kiɗa ya fito daga hannunka, wannan kuwa yana ƙarfafa zuciya. Sai G: na tsakiya a ta 6 gaɓa ta 3, manuni a ta 5 gaɓa ta 2, na zobe a ta 1 gaɓa ta 3. Sai C: na zobe a ta 5 gaɓa ta 3, na tsakiya a ta 4 gaɓa ta 2, manuni a ta 2 gaɓa ta 1, kada ka taɓa ta 6. Sai D: manuni a ta 3 gaɓa ta 2, na tsakiya a ta 1 gaɓa ta 2, na zobe a ta 2 gaɓa ta 3, ka kaɗa huɗun ƙasa kaɗai. Duk wanda ka kama, kaɗa tsirkiyoyin ɗaya-ɗaya ka saurara. Wadda ta yi bebe, ko dai ba ka danna ta sosai ba, ko wani yatsa ya kwanta a kanta.

Ga wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar mawaƙa, ga sirrin da zai buɗe masa ido. Do, re, mi ɗin nan da 'yan mishan suka kawo mana, wanda wani fasto a Ingila mai suna John Curwen ya yaɗa tun shekarun 1840, shi ne dai a jita. In kana cikin ki na G, to G shi ne do, C shi ne fa, D shi ne so, Em kuma la. Waƙoƙi masu ɗimbin yawa a Littafin Waƙoƙi a kan do da fa da so suke tafiya, daga do su tashi, a do su sauka. Waƙoƙin zumuntar mata na bayarwa da amshi, wasu ma do da so kaɗai sun ishe su. Watau da kod uku ka riga ka riƙe rabin sujadar Lahadi. Kada ka bari kod ɗin F ya tsayar da kai. Shi ne wanda ake shimfiɗa manuni a kan tsirkiyoyi duka, kuma ya kori mutane da yawa. Bar shi sai bayan wata shida, ba inda zai je.

Kama kod ba shi ne wahalar ba, sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da tsayawa ba, nan aikin yake. Dabarar da ta taimake ni ita ce in ɗauki biyu kawai, misali G da D, in sa agogo minti ɗaya, in yi ta sauyawa ina ƙirgawa, in rubuta adadin a bayan littafin wa'azina. Makon farko ban wuce takwas ba. Ranar da na kai talatin na san zan iya raka waƙa mai tafiya a hankali. Lamba ba ta ƙarya, kuma ranar da zuciya ta ce ba ka ci gaba, sai ka buɗe littafin ka gani.

Amma fa hannun dama shi ne mai gida. Jama'a ba su san ko ka danna C daidai ba, amma kowace tsohuwa a benci na baya ta san in ka saki kari. Ka fara da bugu ƙasa kaɗai, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana taka ƙafa. In ya zauna sai ka ƙara na dawowa sama a tsakani. Wuyan hannu ya saki kamar mai yarfe ruwa, kada ya sandare. Kuma ga doka: ko hagu bai iso ba, dama kada ya tsaya. Gara ka bugi tsirkiya a buɗe sau ɗaya da ka tsayar da mutum sittin suna jiran yatsanka. Wasu waƙoƙin uku-uku ake ƙirga su, wasu shida-shida, musamman namu na gargajiya masu rausaya. Wannan ba a littafi za ka same shi ba. Je ka zauna kusa da mai kuge ko mai tulu a zumuntar mata ranar koyon waƙa, ka danne tsirkiyoyin da hagu don kada su yi ƙara, ka bi ta da dama kawai. Iyayenmu mata sun fi duk wata na'ura riƙe kari.

A nan ne ni na sha kunya, kuma gara in faɗa don wani ya tsira. Ina da mako biyar da farawa, zumuɗi ya ɗebe ni na shiga da jita sujadar godiya ta kaka. Na saita ta tun da asuba a gida, na rataya ta a baya na taka cikin rana zuwa majami'a, ban sake dubawa ba. Aka zo waƙar baiko, shugabar mata ta ɗauko waƙa a muryar da ta saba, ni kuma na faɗa da G, ashe ita tana can wani wuri dabam. Muka yi ta ja, ita sama ni ƙasa, matasa suka sunkuyar da kai suna dariya. Sai mai tulu ta ƙara ƙarfi, caki ya tashi, suka binne ni da rai. Bayan an tashi wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, wa'azin ya yi kyau." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma na gane. Da yamma na je gaishe da shugabar matan, ta ce, "Ɗana, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zo ran Alhamis mu gwada tare." Na yi wata uku ina zuwa ran Alhamis kafin in sake fitowa gaban jama'a.

Abin da na koya a waɗannan ranakun Alhamis shi ne batun ki. Mai jita shi ne zai ba da murya kafin a fara, ya kaɗa do sau ɗaya ko biyu mai ba da waƙa ta ji. In kuwa an riga an ɗauko waƙa ba tare da kai ba, kada ka faɗa ciki da ka. Nemi muryar a hankali a kan tsirkiya ɗaya, in ba ka same ta ba ka ajiye hannu ka yi tafi kamar kowa. In G ya yi wa jama'a ƙasa, akwai wani ɗan maƙali da ake kira kapo, wanda ke danne tsirkiyoyi duka a gaɓa ɗaya. Kowace gaɓa tana ɗaga murya rabin mataki. Ka sa shi a gaɓa ta 2, ka kama kod ɗinka na G da C da D kamar kullum, ka koma ki na A ke nan ba tare da ka koyi sabon abu ba. Wanda bai samu na saya ba, fensir da robar ɗaure kuɗi suna yi. In kuma waƙar ta ƙi zama a nan, sai ka koyi A, yatsu uku a jere a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 4 da ta 3 da ta 2. Da D da G da A ka sami ki na D, D ya zama do, G ya zama fa, A ya zama so. Ka zaɓi ki domin muryar jama'a, musamman tsofaffi da yara, ba domin sauƙin yatsanka ba.

Batun malami, in akwai wanda ya iya a gundumarku, ko tafiyar awa ɗaya ce a babur, je masa ko sau ɗaya a wata. Minti goma da zai yi yana kallon hannunka zai gyara abin da kai ba za ka taɓa gani ba. Darussan YouTube suna da amfani ga mai data, amma ka zaɓi malami ɗaya ka bi shi daga fari, kada ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, yau salon Amurka gobe na Kwango, ka ƙare ba ka riƙe ko ɗaya ba. Ina kuma roƙon shugabannin matasa su daina mai da jita kayan maza. A cikin yara biyar da na fara koya wa, wadda ta dage har ta iya yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, ita ce kuma ke riƙe da sujadar matasa yanzu. Samari sukan tafi birni. Ikkilisiyar da ta koya wa mutum ɗaya kaɗai, ranar da ya tafi jita ta koma ƙusa.

Saura kula da ita kanta jitar, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Katakon jita ya fi son danshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a hunturu kuwa nan Arewa yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako sai ya ƙanƙance, fuskar jitar ta tsage, bakin ƙarafan nan su fito suna yankan hannu. Kada a rataye ta dab da rufin kwano, ko jikin bangon da rana ke duka, ko a bar ta cikin mota a rufe. A sa ta cikin jakarta. Daga Nuwamba zuwa Maris, ka sami gidan sabulu na roba mai murfi, ka huhhuda shi, ka sa ɗan soso mai laima a ciki, wanda aka matse ba ya ɗiga, ka ajiye cikin jakar, kana sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, sai a riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle duk bayan kiɗa, domin gumin hannu ne ke cin su. Kada a jingine ta a ƙasa jikin bangon laka, gara ba ta san kayan ikkilisiya ba.

Ga kwamitin dattawa kuma, roƙona ƙarami ne. A sa kuɗin tsirkiya saiti biyu cikin kasafin shekara, a kuma ajiye ƙarin ta 1 da ta 3, domin su suka fi tsinkewa. A ba mutum ɗaya amanar jitar, a rubuta sunansa a littafin kaya, a kuma yarda ya tafi da ita gida. Na san dalilin da ya sa ake kulle ta a ɗakin ajiya, tsoron ɓata ne da ɓarna. Amma mai koyo yana bukatarta minti goma sha biyar kowace rana, mabuɗin kuwa yana aljihun ma'aji, ma'aji yana gona. A ikkilisiyarmu mun yi shawara mai koyo ya riƙe ta daga Litinin zuwa Asabar, ya kawo ta ran Lahadi da safe, rabin awa kafin a buga ƙararrawa, ya zauna a inuwa ya saita ta.